Amsoshin Tambayoyinku: Igwa 21, Sarawar Soja da Kujerar Jakada

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo yawancinsu kan bukukuwan soja ne da na diflomasiyya, wato abubuwan da ake gani a talabijin idan shugaba ya kai wa shugaba ziyara. Mun haɗa masu kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum muna jin an harba wa baƙon shugaba igwa sau 21. Amma na ji an ce a Landan an harba 41, wata rana ma 62. Kuskuren mai karanta labarai ne, ko kuwa wani baƙon ya fi wani daraja? (Daga wani malamin makaranta)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai karanta labarai bai yi kuskure ba, baƙon ma bai fi kowa ba. Wurin da aka harba ne ya ƙara yawan. A Ingila gaisuwar sarauta 21 ce. Idan an harba a ɗaya daga cikin filayen sarki, kamar Green Park ko Hyde Park, sai a ƙara 20, ta zama 41. A tsohuwar ganuwar da ake kira Hasumiyar Landan ma ana ƙara 20 saboda fadar sarki ce, sannan idan bikin na gidan sarauta ne, kamar ranar haihuwar sarki, a ƙara wasu 21 don girmama birnin Landan. Ka ga inda 62 ta fito. Baƙon shugaba 41 yake samu, kuma tsakanin harbi da harbi daƙiƙa 10 ne.

Asalin al'adar daga teku take. Igwar da can tana ɗaukar lokaci kafin a sake ɗura mata albarushi, saboda haka jirgin yaƙi idan zai shiga tashar wata ƙasa sai ya harbe abin da ke cikin igwoyinsa, alamar ya zo da hannu biyu. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne jirgi kan harba 7, na tudu kuma, da yake albarushi ya fi wadata a wurinsu, su mayar da uku kan kowace ɗaya. A 1875 Amurka ta amince da shawarar Ingila cewa 21 ta zama gaisuwar ƙasa da ƙasa, a kuma riƙa mayar da harbi ɗaya kan ɗaya.

Daga 21 ake saukowa bibbiyu gwargwadon muƙami. A tsarin Amurka shugaban ƙasa ko sarki 21, firaminista da mataimakin shugaba 19, janar mai anini huɗu 17, mai uku 15, mai biyu 13, mai ɗaya 11. A nan ne masu shirya biki ke yawan tuntuɓe, don shugaban ƙasa daban, shugaban gwamnati daban. Shugaban gwamnatin Jamus ya fi shugaban ƙasar iko nesa ba kusa ba, amma a lissafin igwa yana ƙasa da shi. Haka firaministan Indiya, haka na Japan. Waɗannan lambobi na muƙamai duk marasa rabuwa biyu ne, domin a al'adar sojan ruwa harbi mai cikon biyu na makoki ne. Amurka na da togiya: ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kanta, tana harba 50, ɗaya ga kowace jiha.

Babu inda aka mayar da ƙidayar igwa ma'aunin daraja kamar Indiya zamanin mulkin mallaka. Sarkin Ingila 101, wakilinsa 31, sarakunan ƙasar kuma daga 21 har zuwa 9. Masarautu biyar kaɗai ke da 21: Haidarabad, Maiso, Baroda, Gwaliyo da Kashmir. Ƙara wa sarki igwa biyu lada ne, rage masa kuwa horo ne da duk makwabtansa za su ji da kunnensu. Indiya ta yau tana da nata salon: a ranar jamhuriya, 26 ga Janairu, ana daidaita harbin 21 da taken ƙasa mai tsawon daƙiƙa 52, na farko ya tashi tare da take, na ƙarshe ya ƙare tare da shi.

Abin da ke lalacewa a fili abu biyu ne. Na farko igwa ta ƙi tashi, don albarushin biki ne zalla, babu harsashi, kuma yakan yi gardama idan ya sha danshi. Maganinsa shi ne a ajiye igwa guda ɗure a gefe, ba ta cikin jeri, da zarar wata ta ƙi sai ta cike gurbin kafin kunne ya lura. Na biyu ɓatan lissafi. Shi ya sa ake ware soja guda ba shi da aiki sai ƙirga, wani kuma riƙe da agogo. Harba 20 ko 22 ga shugaban ƙasa abu ne da sai an aika takardar ban haƙuri.

Tambaya: Don Allah wace sarawa ce daidai? Na ga wasu sojoji suna buɗe tafin hannu yana kallon gaba, wasu kuma suna kifa shi. (Daga wani matashi mai sha'awar aikin soja)

Amsa: Ɗan'uwa, duk daidai ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sojan ƙasa da na sama na Ingila suna buɗe tafi ya kalli gaba, haka sojan Faransa, haka akasarin rundunonin da suka gaji horon ƙasashen biyu. Sojan ruwan Ingila kuwa kifa tafi suke yi. Labarin da ake bayarwa shi ne hannun matuƙan jirgi kan yi baƙi da kwalta, sai aka ga bai dace a nuna wa hafsa dattin hannu ba. Amurka duk rundunoninta kifawa suke yi. Indiya ta haɗa uku: sojan ƙasa a buɗe, na ruwa a kife, na sama kuma tun 2006 suna karkata tafin tsakatsaki. Sojan Folan da yatsu biyu kawai suke sarawa, manuniya da ta tsakiya, a bakin hula inda tambarin gaggafar ƙasarsu yake.

A horon Ingila hannu kan hau ta doguwar hanya, ya yi da'ira ta gefe, ya sauko ta gajeriya, kai tsaye zuwa ɗinkin wando. Ba-Amurke kuwa hannunsa ta gaban jiki yake hawa. Ko daga nesa ka hango za ka gane wanda ya horar da soja.

Abin da ya fi rikita mutane a atisayen haɗin gwiwa ba tafin hannu ba ne, hula ce. A Ingila da Rasha da Folan ba a sarawa da kai tsirara. Idan babu hula sai soja ya ƙame kawai. Sojan ruwan Amurka ma haka suke. Amma sojan ƙasa na Amurka kan sara ba hula idan ya shiga ofis kai rahoto gaban hafsa. Saboda haka idan ƙaramin soja na wata ƙasa ya ƙame bai ɗaga hannu ba, a duba kansa tukuna kafin a ce ya raina.

Farar hula ba dole ne ya mayar da sarawa ba, ko da shi ne babban kwamandan askarawa. Ronald Reagan ne ya mayar da abin al'ada ga shugabannin Amurka daga 1981, kuma tun lokacin abin ke janyo musu surutu: Obama a 2014 ya sara da kofi a hannu, Trump a 2018 ya sara wa wani janar na Koriya ta Arewa a Singafo. A ganinmu ɗan sunkuyar da kai ya ishi mai farin kaya.

Tambaya: Me ya sa a faretin ƙasashen waje wasu ke tafiya kamar ba sa so, wasu kuma har da gudu? Kuma me ke sa soja ya yanke jiki ya faɗi a fareti? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Malama, kowace runduna da yawan takunta a minti. Abin da aka saba shi ne 120. Dogaran sarkin Ingila 116 suke yi, rundunar Rifles ta ƙasar 140, rundunar Lijiyon ta Sifaniya 160. Sojojin Bersaglieri na Italiya, masu gashin tsuntsu a hula, da gudu suke wucewa, taku 180, kuma masu busa musu ƙaho ma a guje suke busawa. A ɗaya gefen akwai rundunar baƙi ta Faransa, wadda ke ɗaukar 'yan ƙasashen waje aikin soja, mai taku 88. Saboda wannan jinkiri ne ake sa ta a ƙarshen masu tafiya a ƙasa a faretin 14 ga Yuli a Paris, in ba haka ba duk na bayanta sai sun taru a kanta.

Wannan lissafi ne na gaske ga mai shirya faretin da ƙasashe da yawa za su shiga. Idan aka sa masu 140 a bayan masu 116, cikin minti 5 sun ci tazarar taku 120, kusan mita 90. Dole ko a buɗe tazara tun daga wurin tashi, ko a sauya jeri. Sai matsalar sauti. Ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka sojan da ke nesa da masu badujala da mita 170 yana jin ganga bayan rabin daƙiƙa, wanda a taku 120 daidai yake da taku guda cur. Shi yana bin ganga da gaskiyarsa, amma ƙafarsa ta saɓa da ta na gaba. Shi ya sa ake tsayar da badujala daura da rumfar manyan baƙi, inda ake son ƙafa ta daidaita.

Macin miƙe ƙafa sama ba tare da lanƙwasa gwiwa ba daga Furusiya, wata tsohuwar daula ta Jamusawa, ya samo asali, ya bazu zuwa Rasha, daga can zuwa Sin da Koriya ta Arewa. Cile ma tana yi, saboda wani hafsan Jamus, Emil Körner, da ya je horar da sojanta a 1885. A Jamus kanta an daina, don abin da yake tunawa mutane.

Faɗuwa kuwa ba ragwantaka ba ce. Idan mutum ya daɗe tsaye cak ya kafe gwiwa, naman ƙwauri ba ya motsi, jini ya taru a ƙafa, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshe. Ga rana, ga kaya masu nauyi, wani ma bai karya ba. Samanja kan koya wa kurata su ci abinci, su sha ruwa tun daren jajibiri, su ɗan sassauta gwiwa, su riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi inda ba mai gani.

Tambaya: Na karanta cewa sabon jakada ya yi makonni a ƙasa bai fara aiki ba don bai miƙa takardunsa ba. Wace takarda ce haka? Sannan a wurin biki, jakadan babbar ƙasa ne ke zama a gaba? (Daga wani ma'aikacin gwamnati)

Amsa: Ranka ya daɗe, bari mu fara da ta biyun, don tarihinta har da jini. A ranar 30 ga Satumba, 1661, sabon jakadan Suwidin ya iso Landan, sauran jakadu suka aika kekunan dokinsu su yi masa rakiya. Faransa da Sifaniya kowace ta ce kekenta ne zai bi bayan na baƙon. Aka zare takubba a titi, mutanen Sifaniya suka sassare dawakin Faransa, aka rasa rayuka. Sarkin Faransa Louis na 14 ya yi barazanar yaƙi, sai da Sifaniya ta ba da haƙuri. Irin wannan rigima ce taron Viyana na 1815 ya kashe da doka mai sauƙi: a cikin jakadu masu daraja ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 ta tabbatar da haka, har ta ce da rana da sa'a ake lissafi.

Ke nan girman ƙasa ba ya sayen kujera. Wanda ya fi daɗewa shi ne dattijon jakadu, shi ke magana da yawunsu a wurin biki. A Washinton, jakadan Jibuti, Roble Olhaye, wanda ya kama aiki a 1988, shi ne dattijon jakadu har rasuwarsa a 2015, gaba da na Sin da Rasha da Ingila. Togiyar da yarjejeniyar ta yarda da ita ita ce ta wakilin Fafaroma: a ƙasashe irin su Italiya, Sifaniya da Folan shi ne dattijo ko da jiya ya sauka.

Yanzu takardar. Kafin a sanar da sunan jakada, ƙasarsa kan aika sunan da tarihinsa a asirce ta nemi amincewar ƙasar da za shi. Waccan tana da ikon ƙi ba tare da ta faɗi dalili ba, kuma galibi ba ta cewa a'a, shiru take yi, mai hankali ya gane. Babban kuskure shi ne a shelanta suna kafin amsa ta zo. In aka ƙi, kunya ta kowa ce. Bayan amincewa sai shugaban ƙasarsa ya sa hannu a wasiƙa zuwa ga takwaransa, yana roƙon a gaskata abin da jakadan zai faɗa da sunansa. Tare da ita akwai wasiƙar janye wanda ya gada. Da ya sauka, sai ya kai kwafin biyun ma'aikatar harkokin waje. A wasu ƙasashe daga nan ya fara aiki, a wasu kuma sai ya miƙa na ainihi hannu da hannu. Kafin ranar, ba ya neman ganin shugaba, ba ya kuma fitowa a manyan bukukuwa a matsayin jakada. Idan shugaban da aka rubuta wa ya rasu ko ya sauka kafin a miƙa, sai an koma gida an sake wata da sabon suna. Muƙaddashin jakada kuwa takardarsa zuwa ga ministan harkokin waje take, kuma a bayan dukkan jakadu yake zama.

A ranar miƙawa ne kowace ƙasa ke nuna halinta. A Landan ana aika keken doki na fada har ofishin jakadanci a ɗauko jakada zuwa Fadar Bakingham. Madrid da Istokholm ma da keken doki suke ɗauka. A Japan ana ba jakada zaɓi tsakanin mota da keken doki daga tashar jirgin ƙasa ta Tokiyo zuwa fadar sarki, kuma da yawa keken suke zaɓa. A Mosko tara su ake yi da yawa a zaure guda a Kremlin. Tsakanin ƙasashen Kwamanwel ba a cewa jakada, babban kwamishina ake cewa, amma darajar ɗaya ce.

Maganar kujera ba ta mutu ba har yau. A Afrilun 2021 a Ankara, shugabannin Tarayyar Turai biyu suka je wurin Erdogan, aka tarar kujeru biyu kawai aka ajiye a tsakiya. Charles Michel ya zauna, Ursula von der Leyen ta tsaya tana kallo, daga baya aka kai ta doguwar kujera a gefe. Kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi. Aikin tawagar share fage ke nan: ta shiga ɗakin tun kafin ranar, ta ƙirga kujeru da idonta, ta san wa zai zauna ina.

Tambaya: Me ya sa Saudiyya ba ta sassauto da tutarta idan ana makoki? Kuma idan tutoci biyu ne, wacce ake sawa a dama? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Hajiya, saboda kalmar shahada da ke jikinta; ba a ƙasƙantar da ita don mutuwar kowa. Saboda rubutun ne ma ake ɗinka ta ninki biyu, don ta karantu daidai ta kowace fuska. Ingila ma tana da tutar da ba a sassautowa, wato tutar sarki ta kansa, da hujjar cewa gadon sarauta ba ya zama babu kowa. Ga masu sassautowa, ƙa'ida ita ce a fara kai tuta ƙololuwar sanda, sannan a sauko da ita. Da yamma ma a mayar da ita sama kafin a sauke.

Wurin daraja shi ne dama, amma damar tutar kanta, wato hagun mai kallo. Nan ne ma'aikata ke yawan juyawa. Wa ke samun wurin kuma ya danganta da gida: Amurka tana riƙe wa tutarta a cikin ƙasarta, Sin kuwa baƙo take bar wa. Sanduna dole tsayinsu ya zama ɗaya, tutocin ma girmansu ya yi kusa, abin da ba shi da sauƙi tunda ta Suwizalan da ta Batikan murabba'i ne, ta Katar doguwa ce siririya, ta Nepal ma ba mai kusurwa huɗu ba ce.

Sai masu kama da juna. Ta Chadi da ta Romaniya sai ka ƙura ido kan shuɗin. Ta Indonesiya da ta Monako tsawo ne ya raba su, kuma idan ka kifa su ka samu ta Folan. Ta Ailan da ta Kwaddibuwa launi ɗaya ne, jeri ne ya juya, haka ta Mali da ta Gini. Ta Filifin ta fi haɗari: shuɗi a sama zaman lafiya, ja a sama alamar ƙasar na cikin yaƙi. A 2010, a wani taro a New York, an kafa ta a kife bayan shugaban ƙasar, Amurka ta nemi afuwa.

Take ma haka. A wurin tarba na baƙo ake fara kaɗawa, na mai gida ya biyo. Kuskure kan zo ne daga ɗauko take a intanet ba tare da tambaya ba, alhali ƙasashe na sauyawa: Nijar ta sauya nata a 2023, Najeriya ta koma tsohon nata a 2024. Hanya mai tsafta ita ce a karɓo take da samfurin tuta daga ofishin jakadancin baƙon, sannan a kira jami'insu ya saurari gwajin badujala. Kada kuma a jira baƙi daga Sifaniya su rera. Nasu ba shi da baiti.

Tambaya: Na ga a Saudiyya an shimfiɗa wa baƙi darduma mai ruwan goro-goro ko shunayya maimakon ja. (Daga wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, shunayya ce, kuma tun Mayun 2021 suka koma kanta, launin wani fure da ke rufe hamadarsu bayan ruwan sama, da saƙar gargajiya a gefuna. Jar darduma al'ada ce, ba doka ba.

Kusan kowace ƙasa kan saka nata a cikin tarba, kuma baƙo sai an koya masa. A Niyuzilan jarumin Mawori, 'yan asalin ƙasar, ne ke fitowa da sanda yana zare ido, ya ajiye ganye ko ɗan itace a ƙasa. Wani daga tawagar baƙi, galibi namiji, zai sunkuya ya ɗauka ba tare da ya kawar da ido daga jarumin ba. Ɗaukar ce ke nuna da alheri aka zo. Daga baya a gaisa ta haɗa hanci. A Rasha da Yukren burodi da gishiri ake kawowa, baƙo ya gutsura ya dangwala ya ci. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf gahawa ce a ɗan ƙaramin kofi, a karɓa da dama, idan ya isa a ɗan girgiza kofin, in ba haka ba mai zubawa ba zai daina ba. A Indiya bayan faretin ban girma baƙo kan je ajiye furanni a Rajghat, inda aka ƙona gawar Gandhi, kuma takalmi ake cirewa.

Tambaya: An gayyace ni liyafar ranar ƙasa a wani ofishin jakadanci. Ba na shan giya, ba na kuma musabaha da maza. Yaya zan yi ba tare da na ɓata wa kowa ba? (Daga wata jami'a)

Amsa: Ranki ya daɗe, babu ɗaya daga cikin biyun da baƙon abu ne ga masu wannan aiki. Ki amsa gayyatar da wuri, ki faɗa wa mai karɓar amsa buƙatunki na abinci da gaisuwa, shi zai raɗa wa jakada. A ƙofa za ki tarar da jakada da manyan ma'aikatansa a jere. Dabarar ita ce ki riga su: tun da sauran taku biyu ki ɗora hannun dama a ƙirji, ki ɗan sunkuyar da kai, ki faɗi sunanki da taya murna. Wanda ya ga hannu a ƙirji ba zai miƙo nasa ba. Abin da ke kunyatarwa shi ne a bar hannun mutum a iska. A layin nan ba a tsayawa hira, akwai mutane a bayanki.

Idan aka zo ɗaga kofi don girmama shugabannin ƙasashen biyu, ki riƙe lemo ko ruwa, ki miƙe tare da jama'a, ki ɗaga, ki kurɓa. Ƙin miƙewa ne laifi, ba abin da ke cikin kofin ba. Kayan gargajiya na ƙasa karɓaɓɓu ne a madadin kowace irin shiga da katin ya ambata. Idan cin abinci ne na zaune, kada ki sauya katin sunanki da na wani, an jera su ne bisa daraja, kuma ba a tashi kafin babban baƙo ya tashi.

A matakin shugabanni abin kan fi wuya, don kowa na kare al'adar gidansa. A Janairun 2016, lokacin ziyarar shugaban Iran Hassan Rouhani a Turai, an fasa cin abinci da shugaban Faransa saboda Iran ta ce kada a kawo giya teburin, Faransa ta ce ba ta cirewa. A Roma kuwa, a wannan tafiya, rufe gumakan tsiraici aka yi da allunan katako a gidan tarihi, 'yan Italiya suka yi ta sukar gwamnatinsu. Ɗaya ta ƙi sassautawa, ɗaya ta wuce gona da iri.

Tambaya: A jana'izar Sarauniyar Ingila na ga sojoji ne ke jan keken gawa da igiya, ba dawaki ba. Haka ake yi a ko'ina? (Daga wani tsohon soja)

Amsa: Barka da hutawa, Baba. A'a, ta Ingila ce, kuma tsautsayi ne ya haife ta. A jana'izar Sarauniya Victoria a Fabrairun 1901, dawakin da za su ja keken igwar da aka ɗora gawar a kai a Windsor suka yi gardama bayan sun daɗe tsaye cikin sanyi, sai sojan ruwa suka kama igiya suka ja. Tun daga nan aikin ya zama nasu. A 2022, a jana'izar Sarauniya Elizabeth ta biyu, su 142 ne suka raka keken.

A Amurka ana jan doki babu mahayi, da takalman hawa a likkafa suna kallon baya, kamar yadda aka gani a jana'izar Kennedy a 1963. Ana busa begila, a naɗe tuta ninki 13 ta zama mai kusurwa uku, a miƙa wa iyali. Harbin da ake yi a bakin kabari da bindigogin hannu sau uku ne a tare. Idan masu harbin 7 ne harsashi 21 ke tashi, shi ya sa 'yan jarida ke ce masa gaisuwar 21, alhali waccan da igwa ake yi, ɗaya bayan ɗaya.

Saudiyya ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ga sarakunanta. Sarki Abdullah ya rasu ranar Juma'a, 23 ga Janairu, 2015, aka yi masa salla bayan la'asar a masallacin Imam Turki da ke Riyad, aka binne shi a ranar a maƙabartar Al-Ud, kabari ba suna. Shugabannin da ba Musulmi ba ta'aziyya suka zo daga baya; Obama ya gajarta ziyararsa a Indiya ya isa ranar 27. A ranakun nan an sassauto da tutoci a gine-ginen gwamnati a Landan saboda rasuwarsa, a Riyad kuwa tutar ƙasar tana can ƙololuwar sanda.